Guzan Gidan Lauwali

Ka'oje, farkon damina

Zuwa ga taubashiyata Batulu, a Malanbil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da maƙwabtan da Allah ya jarraba da bakinki. Mu nan sai godiya. Gwiwar dama ce ta ƙi ni tun bara, kunnuwa kuma sun ajiye aiki ba su yi shawara da ni ba. Ruwa ya sauka, masu shinkafa sun shiga fadama. Uwargida Barira na gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayar gidan nan tana hannun ɗana Mutawakkil. In kin kira sai ya buɗe muryar don in ji, sai kowa ya ji har da awaki, ni kaɗai nake ta cewa "iye?" Maganar da ke bakina kuwa ba ta jama'a ba ce. Shi ya sa na tono rubutun da muka koya tare a firamare, na ba Haliru mai ɗaukar kaya daga kasuwar Lolo zuwa wajenku.

Batulu, Dattijo ya dawo.

Kin gane wanda nake nufi, guzan bayan gida, wanda kakarmu Iyatu ta hana mu kiran sunansa gatsau. Kin tuna labarin. Kakanmu Lauwali ya gaji da kamun kifi, barci ya kwashe shi a cikin ƙorama, ruwa na tahowa daga tudu bai sani ba, sai guza ya zabga masa wutsiya a ƙafa, ya farka ya tsira. A nan ya yi alkawari, shi da zuriyarsa ba su kashe guza, ba su cin namansa. Kan gidanmu ke nan. Tun rasuwar Iyatu ba a sake ganin ko ɗaya a ramin ba, ni ma na ajiye zancen inda ake ajiye tsofaffin ƙore.

To da gwiwa ta raba ni da gona, sai na riƙa jan kujerata zuwa inuwar giyayyar nan ta bakin ƙorama. Da farko kwaɗi nake kallo, don ba su tambayar mutum abin da ya kawo shi. Akwai wani ƙaton burduddugi da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa bayan ruwan fari, duk jikinsa laka, yana zaune cikin kududdufi yana gadin 'ya'yansa baƙaƙe masu wutsiya kamar mai tsaron shago. Na miƙa masa sanda, ya kai mata cizo. Shekaruna duka a garin nan ban san kwaɗo na da zuciya ba.

Ina cikin haka na ga sawu a laka: layi ɗaya dogo a tsakiya, gefe da gefe farata. Na bi shi da ɗingishi har gindin giyayya, ga ramin nan na da, an share bakinsa. Washegari da hantsi ya fito. Na san ba wanda muka sani muna yara ba ne, jikansa ne ko tattaɓa-kunne, amma tafiyar ɗaya ce, irin ta mai gari da ya makara kuma ba wanda zai tambaye shi. Ya kusa tsawon tabarmar salla. Bayansa baƙi-baƙi da ɗigon rawaya a jere. Yana fitar da harshe mai rassa biyu yana ɗanɗana iska, sannan ya hau kututturen da ya faɗi ya baje yana shan hantsi. In ya shiga ruwa sai ya naɗe ƙafafu a jiki, wutsiya kaɗai ke aiki. Na ga ya fasa dodon koɗi kamar mai cin gurjiya.

Yanzu ga abin kunyar. Na tuna Iyatu takan ajiye masa ƙwai. Sai na sami kaina a akurkin Barira, da asuba bayan na dawo masallaci, ina lalube ƙarƙashin zabuwa. Ni, na'ibin limamin unguwa, da furfurata. Na kai masa, ya ɗauka a hankali, ya ɗaga kai sama ya haɗiye bai fasa ba. Barira kuwa tana ta tsine wa muzurun maƙwabta.

Ba wanda zan iya gaya wa wannan sai ke, don ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka zauna a tabarmar Iyatu. Ki riƙe a cikinki.

Naki,
Ango

*

Malanbil, bayan kasuwa ta tashi

Zuwa ga Ango, ɓarawon ƙwai.

Wa alaikumus salam. Fofo, kamar yadda Dandawanmu na nan ke cewa. Muna lafiya, kifi na samuwa, hayaƙin banda ne dai ya kusa cinye mini idanu. A gaida Barira, baiwar Allah, mai kiwon zabi don ciyar da ƙadangaren mijinta.

Wallahi Ango na karanta takardarka a rumfa, na yi dariya har mai tumatir na kusa da ni ya zo yana tambaya ko an yi mini albishir da kujerar Makka. Na ce a'a, taubashina ne ya yi sabon aboki mai sanyin jiki irin nasa. Wai na'ibi! Mutane na bin ka salla, kai kana bin sawun wutsiya a laka. Ka faɗa mini gaskiya, in kun haɗu wa ke fara gaida wani? Na san kai ne, don tun muna yara kai ne mai durƙusawa da wuri. Kuma da ka ce yana tafiya kamar mai gari da ya makara, ka duba da kyau, ba inuwarka ka gani a ruwa ba?

Shi kuma burduddugin naka, ka gaya masa ya yi hankali. A nan bayan gari akwai masu kama kwaɗi, suna banda su su cika buhuna, 'yan kudu na zuwa saye. In ka gaji da na'ibci ka zo in haɗa ka da su, tunda yanzu ka san inda kowane kwaɗo ke kwana. Sai dai da wannan gwiwar taka kunkuru ma zai tsere maka.

Ni abin da ke ɗakina tsaka ce, tana bayan hoton maigida marigayi. Jikokina na son kashe ta, ni kuwa na ce su bari, ita kaɗai ke sauraren maganata ba ta amsa mini. Ka ga ba kai kaɗai tsufa ya taɓa ba, amma ni ban kai ga sata ba tukuna.

Ka ci gaba da ba ni labari. Kuma in muzurun maƙwabta ya kai ƙara wajen mai unguwa kan ɓata suna, ni ce shaidarsa.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali,
Batulu

*

Ka'oje, tsakiyar damina

Zuwa ga Hajiya Batulu.

Assalamu alaikum. Na sami takardarki. Muna lafiya. Shinkafa ta yi kyau, sai dai ƙorama na ta cika, masu gona a ƙasa sun fara kallon sama da fargaba.

Na gode da dariya. Ban yi fushi ba, na dai fahimta. Na ce a raina, in Batulu da ta sha nonon labarin nan tare da ni ta yi dariya har mai tumatir ya taso, to ina ga mutanen da ba su san Iyatu ba? Kin nuna mini fuskar garin tun kafin in gan ta. Wannan ma taimako ne.

Barira ta kama ni. Sai na tarar ta ware ƙwai a ƙwarya ta ajiye bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ga na muzuru, don ya daina tsorata mini zabi da asuba." Na so ƙasa ta tsage.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da ruwa ya cika ƙorama, Dattijo ya rasa bakin gaɓar da yake kiwo, sai ya fara hawowa cikin unguwa. Ya shiga gidan Bashira, matar marigayi Malami, ya gama da 'yan tsakinta, ya koma kan ƙwan agwagwa. Kajin nan kuwa su ne gonarta, da su take riƙe marayu. Ta fito har titi tana kuka, kuma tana da gaskiya. Ta kai magana wajen Namadi maharbi.

Kin san yadda ake yi a nan. Dabbar da ta zauna kusa da gidajen mutane, maharbi ba ya taɓa ta sai ya yi cigiya a ƙofar masallaci, ko akwai gidan da ke da alkawari da ita. In wani ya ce tasa ce, sai a bar masa, shi ya san yadda zai yi da ɓarnar. In an yi shiru, ta zama ta maharbi. Namadi ya ce zai yi cigiyar in an kwana biyu.

Ke nan sai in miƙe a gaban sahun da nake ja salla in ce, "Jama'a, guzan nan namu ne." A gaban Mutawakkil. Ba ki san shi da girmansa ba. Yaro ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ke koyarwa a Islamiyyar unguwa, kuma na sha jin yana gaya wa ɗalibai cewa zancen kan gida ragowar duhun da ne. Ban taɓa ba shi labarin Lauwali ba. Ya zan yi ya ji shi a bakina rana tsaka, ɗalibansa na tsaye? Da wane ido zai koma aji?

Jiya na je gindin giyayya na yi wa Dattijo faɗa kamar mai hankali. Na ce ga kwaɗi sun cika duniya, ga ƙaguwa, me ya kai ka gidan marayu? Yana saɓa a kwanakin nan, tsohuwar fata na ɓarewa a wuyansa kamar bangon da ruwa ya ci. Ya kumbura maƙogwaro ya yi mini huci, sannan ya lumshe ido. Ni da shi dai ba mai jin magana.

In kina da abin faɗa wanda ba dariya ba, ki faɗa. In babu, ba komai.

Ango

*

Malanbil, ranar da takardarka ta iso

Ango ɗan kawuna,

Ko gaisuwar kirki ba zan tsaya yi ba, muna lafiya. Ka kira ni Hajiya Batulu kamar wata baƙuwa, na san na yi ɓarna.

Haba Ango. Yaushe na taɓa buɗe baki a kanka ban tsokane ka ba? Ranar aurenka ma sai da na ce Barira ta yi asara. Wasan taubasai ne, hakkina ne, kai ma ka buɗe taka takardar da bakina. Ban san wurin ya yi maka tsami haka ba. Abin da ban rubuta ba shi ne, da na gama dariyar na shiga bayan rumfa na share hawaye, don na ga Iyatu tsugune da ƙwai a hannu. Da ina kusa, da ni zan riƙa kai masa.

Yanzu ka saurare ni, yau ba wasa. Ka miƙe ka faɗa. Cigiyar nan don irinka aka yi ta, ba don a kunyata kowa ba. Ka manta lokacin da baban Namadi ya yi cigiyar kadan tafkin gabas, tsohon nan na gidan masunta ya ce nasu ne? An yi 'yar dariya a majalisa, kwana biyu aka manta, kadan ya mutu da tsufansa. Ba ka ce guza na ba ka ruwa ko haihuwa ba. Kakanmu ya yi alkawari ga abin da ya tashe shi daga barcin mutuwa, kai kana riƙe masa. In wannan abin kunya ne, to ban san mene ne mutunci ba.

Mutawakkil kuwa kada ka bari ya ji a waje. Ka kira shi ɗaki ka ba shi labarin tun daga farko. Ɗanka ne, jinin Lauwali ne, ko ya so ko bai so ba.

Batun Bashira, tana da hakki. Ka sa a ɗaga mata akurki a kan sanduna a rufe da waya, ni kuma zan aiko mata da kaji masu kwanci ta hannun Haliru, irin na nan manya. Ka gaya mata daga bakina.

Ka amsa mini da wuri.

Batulu

*

Ka'oje, ruwa ya kai gonakin ƙasa

Zuwa ga Batulu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan ruwa ya shanye shinkafar mutane da yawa, tamu ta tudu ce ta tsira. Hanyar mota ta yanke, wannan takardar Sufyan mai kwalekwale zan ba.

Na jira amsarki har na daina leƙa zaure in an yi sallama. Na ce miki in babu abin faɗa ba komai, kin kuwa ɗauke ni a kan maganata. Ban ga laifinki ba.

An yi cigiyar. Kuma don abin ya cika, ranar liman ya tafi ta'aziyya Kurgu, ni na ja la'asar. Muna fitowa, ana neman takalma, Namadi ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula. Ya ce, "Jama'a, a gafarce ni. Akwai guza gindin giyayya, bayan gidan Malam Ango. Ya yi wa Bashira ɓarna. Ina cigiya, ko akwai gidan da ke da shi?"

Na ji shi sarai, Batulu. Kunnuwan nan da ba su jin kiran abinci, ranar sun ji har numfashinsa. Amma sai na sunkuya ina gyara takalmi kamar ban san ana magana ba. Na fake da kurumta.

Namadi ya sake faɗa da ƙarfi, yana kallon wajena. Wani daga baya ya ce, "Wa zai ce yana da guza, sai ka ce akuya?" Aka yi dariya. Sai Mutawakkil, don ladabi, ya matso ya durƙusa ya sa baki a kunnena ya ce, "Baba, Namadi ne ke tambaya, guzan bayan gidanmu, wai ko akwai mai shi. Kai ne babba a nan, kai ake jira."

Ga ɗalibansa a tsaye da allunansu. Ga liman ba ya nan, ni ne liman. Na ji bakina ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba mai shi."

Mutawakkil ya miƙe ya faɗa wa jama'a, "Baba ya ce ba mai shi." Namadi ya daɗe bai mai da hularsa ba. Sannan ya ce to, ya tafi.

Har yau bai ɗana tarko ba, ban san me yake jira ba. Kullum sai in ce gobe zan je gidansa in warware, gobe ta yi sai in sami dalili. Ina dai zuwa gindin giyayya. Ruwa ya kusa bakin ramin, Dattijo ya koma kwana a kan reshe, ƙafafu a sake ta kowane gefe kamar wanki. Na kai masa ƙwai ya sauko ya ɗauka a gabana, ko gudu ba ya yi yanzu. Ni na koya masa kada ya ji tsoron mutum, kin ga taimakon da na yi wa Namadi.

Ban iya kallonsa sosai. Sai in mai da ido kan kwaɗi.

Ango

*

Malanbil

Ango,

Innalillahi. Yanzu Sufyan ya ba ni takardarka, na aika aka nemo Haliru. Ashe da hanya ta yanke bai koma Lolo ba, ya bi motar albasa zuwa Kandi, amsar da na rubuta maka tun ranar tana cikin aljihun rigarsa. Na yi masa abin da ya sa 'yan kasuwa suka taru. Ga ta nan na haɗa da wannan, duk ta yi laushi da gumi. Ka karanta ta tukuna.

Ban yi maka shiru ba, wallahi ban yi ba. Tunda ba a ɗana tarko ba, da sauran dama. Namadi kai yake jira, ko makaho ya ga haka. Ka ajiye takardar nan ka ɗauki sandarka ka tafi gidansa, ko da rarrafe ne. Sufyan zai juyo gobe, na roƙe shi kada ya tsaya ko'ina.

Batulu

*

Ka'oje, ruwa ya fara janyewa

Zuwa ga taubashiyata Batulu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Barira na gaishe ki, Bashira ma, na isar mata da saƙonki na kaji, ta yi ta sa albarka.

Takardunki biyu sun iso tare. Sufyan bai tsaya ko'ina ba, kada ki yi masa irin ta Haliru. Sun dai tarar an gama. Na karanta su a zaure, na sake karantawa, na ga yadda na ɗauki wasanki na yi wa kaina bulala da shi. Shekara nawa kina tsokanata ban taɓa jin zafi ba, sai ranar da nake neman wanda zan ɗora wa tsorona. Ki yafe mini Hajiyar da na kira ki.

Ga yadda aka yi. Ana gobe takardunki za su zo, da hantsi na je gindin giyayya ban same shi ba. Na ga laka a tumurmushe, na ga guntun igiya. Na dawo gida na zauna a zaure. Mutawakkil na gefe yana duba littattafan ɗalibai.

Wajen azahar sai ga sallamar Namadi, da akushi a rufe da faifai, da 'yar kwalba a hannu. Kin san maharbi ba ya cin abin da ya kama a unguwa sai ya fitar da kason babban wurin. Ya durƙusa ya ajiye a gabana ya buɗe. Ya ce, "Malam, ga naka. Wannan kuma kitsen ne na narka maka, a riƙa shafawa a gwiwa."

Tururi na tashi, Batulu. An sa masa yaji da albasa.

Ban san lokacin da na ce, "Rufe, Namadi. Gidan Lauwali ba su cin guza." Da ƙarfi na faɗa, irin ƙarfin da kurma ke magana da shi, har masu wucewa suka tsaya. Abin da na kasa faɗa don ya rayu, na faɗe shi a kan romonsa.

Namadi ya mai da faifai ya rufe. Ya ce, "Na sani, Malam. Babana ya gaya mini gidajen garin nan duka da abin da kowa ba ya taɓawa. Shi ya sa na yi cigiyar ina kallonka. Da ka ce ba mai shi, na koma gida na rataye tarkon, na ce ko Malam zai aiko a ɓoye. Bashira ta yi ta zuwa tana kuka, ni ina ce mata igiya ce ba ta yi ƙwari ba. Da na ga shiru ya yi yawa, na ce to Malam ya bar abin da gaske."

Na ce, "To da ka sani, me ya sa ka kawo mini?"

Ya ce, "In na tsallake gidanka na kai wa wani kason, ai kowa zai tambayi dalili. Ka rufe abu, ni ne zan buɗe maka?"

Kin ji mutumin da nake jin kunyar ya sani. Ya fi ni tsare mini sirrina.

Duk wannan Mutawakkil na zaune, alƙalami a hannu. Ya ce, "Baba, wane ne ba ya cin guza?" Sai na ba shi labarin a nan, a gaban Namadi da akushi da mutanen da suka taru a ƙofa. Lauwali, da ƙorama, da wutsiya, da Iyatu, har da ƙwan Barira ban rage ba. Ba wanda ya yi dariya. Na so ma a yi, da ta fi mini sauƙi.

Da na gama, yaron ya juya ya ce wa Namadi ko zai ba mu fatar da abin da ya rage. Namadi ya ce ai ko ba a tambaya ba. Mutawakkil ya ɗauki fartanya, ya ɗauki akushin da kansa, na bi shi a baya da sanda har gindin giyayya. Ya haƙa rami a tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Yana haƙa yana magana, bai dube ni ba.

Ya ce, "Baba, ni har gobe ban yarda guza na iya yi mana komai ba, alheri ko sharri. Da ka gaya mini, da mun yi ta musu a ɗaki har ka gaji da ni. Amma kakanka ya ba da magana, kai kuma kana riƙe da ita. A ƙofar masallaci da na miƙe tare da kai."

Na ce, "Kunyarka na ji."

Ya tsaya da haƙan. Ya ce, "Ni kuma ka bar ni na ɗauki maganar daga bakinka na faɗa wa jama'a da nawa. Ni na ce ba mai shi, Baba. Da muryata aka ji."

Na karɓi fartanyar na ce ya bar mini sauran. Da gwiwar da komai na durƙusa na mai da ƙasar da hannuna, shi yana tsaye yana riƙe mini sanda.

In hanya ta buɗe ki zo. Kin fi ni iya ba da labarin Iyatu, kuma yaron yana da tambayoyin da ni ban da fuskar amsa su tukuna.

Naki,
Ango